Birkin keke mai kama janti: yadda ake zaɓen wanda zai tsayar da kai

Yawancin masu keken da ke zuwa wurin mai gyara a Kasuwar Dole ta Damagaram suna cewa birki ba ya ci, sun riga sun yanke hukunci tun daga gida: a cire ƙarfen da ke kan taya a sa sabo. Sau da yawa a sa sabon, a yi sati guda, keke ya koma yadda yake. Dalili kuwa, ƙarfin birki ba a wuri ɗaya yake zaune ba. Daga yatsunka yake tashi, ya bi hannun birki, ya ratsa waya da rigarta, ya isa ƙarfen da ke matsewa, sannan roba ta kama janti, wato rim. Duk wanda ya yi rauni a cikin waɗannan, shi ne zai yanke tazarar da za ka ci kafin ka tsaya. Ƙarfen da kowa ke rige-rigen canzawa kuwa shi ne ya fi tsada, kuma shi ne ya fi ƙarancin laifi.

Kafin a shiga kasuwa, a san abin da ake nema a wurin birki. Keke mai gudun kilomita 20 a awa, a kan busasshiyar kwalta, idan birkin gabansa na da kyau zai tsaya cikin mita 3 da ɗan abu daga lokacin da roba ta kama. Da birkin baya kaɗai sai ya ci kusan ninki biyun haka, domin da zarar ka matsa birki nauyinka gaba yake komawa, tayar baya ta yi sakayau ta fara jan ƙasa. Idan gudun ya kai 30, tazarar ba rabi take ƙaruwa ba, ta haura ninki biyu: wajen mita 7 da na gaba, 14 da na baya. Ka ƙara da cewa daƙiƙa ɗayar da ka ɗauka kafin hannunka ya motsa, a gudun 20, ta riga ta ci mita 5 da rabi. Wanda ke bin bayan kabu-kabu ko adaidaita a tsakiyar gari ya san mita 5 ba wasa ba ce.

Saboda haka idan kuɗinka na taya ɗaya ne, a gaba za ka kashe su. Mutane da yawa suna tsoron birkin gaba, har wasu su cire shi gaba ɗaya, wai yana kifar da mutum. Abin da ke kifarwa shi ne fizgar hannu lokaci guda, da kuma birkin da ba ya da tsaka-tsaki, ko bai ci ba ko ya cafke. Amma akwai wurare biyu da birkin baya ke karɓar ragama. Na farko cikin rairayi, irin na lungunan Birni da Garin Malam, inda tayar gaba ke zamewa gefe in ta cafke. Na biyu keken da aka ɗora wa kaya a kariya. Jarka huɗu masu lita 25 kilo 100 ne cif, wato wajen nauyin mutum da kekensa ne aka ƙara. Wannan nauyin yana danne tayar baya ta kama ƙasa sosai, amma kuma yana ninka aikin da roba za ta yi. Mai ɗaukar ruwa ko buhun hatsi ba ya da zaɓi, birkinsa biyu duka sai sun yi kyau.

Fara da janti

Ka sami mayen ƙarfe, ko da na tsohuwar lasifika ne, ka kai shi gefen janti. In ya manne, jantin ƙarfe ne. In bai manne ba, alminiyam ne. Wannan gwajin kaɗai ya faɗa maka rabin labarin. Jantin ƙarfe mai sheƙi yana ci daidai gwargwado a bushe, amma da ya jiƙe sai roba ta riƙa sulɓi a kansa, taya ta yi juyi da yawa kafin ruwan ya goge birki ya fara kamawa. Alminiyam ma yana raguwa cikin ruwa, sai dai ragin bai kai ko kusa da na ƙarfe ba.

Wani zai ce ai damina a Damagaram wata uku ce zuwa huɗu, sauran shekara ƙasa a bushe take. Gaskiya ne ga mai zuwa makaranta ko ofis. Mai jigilar ruwa kuwa damina ba ta ƙare masa: jarkar da murfinta ba ya rufuwa tana ɗiga kan tayar baya tun daga famfo har gida, ruwan ya haɗu da ƙura ya zama laka a gefen janti. Ga irin wannan keken, a sake ɗaura tayar da jantin alminiyam ya fi kowane sabon birki amfani, matuƙar an sami mai ramukan sifok daidai da na da, wanda galibi 36 ne.

Alminiyam na da tasa matsalar, kuma rairayinmu ne ke jawo ta. Ƙwayar yashi tana nutsewa cikin roba ta riƙa kankare jantin kamar samfefa. Ka shafa gefen da yatsa. In ka ji ya yi kwari a tsakiya, ka ɗora bakin ruler ko wuƙa miƙaƙƙiya ka duba hasken da ke fita ta ƙasa. Gefen sabon janti yakan yi kaurin wajen milimita 1 da rabi. In ya sauka ƙasa da milimita 1, iskar da ke cikin taya na iya ɓalle leɓen, kuma yawanci lokacin da ake matsa birki da ƙarfi abin ke faruwa. Wasu jantuna suna da ɗan layi ko ɗan rami a gefe, in ya shafe to an kai iyaka. Kada a ɗora birki mai ƙarfi a kan jantin da ya cinye.

Sai karkacewa. Ka ɗaga taya ka juya ta kana kallon tazarar da ke tsakanin roba da janti. In tana lilo sama da milimita 1 zuwa 2, dole a buɗe birki ya yi nisa don kada ya riƙa gogawa, birkin da ya yi nisa kuwa hannunsa zai taɓo ƙahon keke, wato inda ake riƙewa, kafin ya matse. A ja sifok a miƙar da tayar tukuna.

Jikin keke ne ke zaɓar irin birkin

Ba kowane birki ke hawa kowane keke ba, kuma nan ne ake asarar kuɗi. Ka dubi fok, ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe da tayar gaba, ka dubi kuma sandunan baya.

Idan akwai ƴan ƙusoshi biyu da aka liƙa a jikin kowane reshe, ƙasa da gefen janti kaɗan, to kekenka na karɓar birki mai dogayen hannuwa biyu a tsaye, wanda kamfanin Shimano ya fito da shi a 1996 da sunan V-Brake, masu gyara ke ce masa birkin V. A cikin birkunan janti masu aiki da waya, da wuya ka sami wanda ya fi shi ƙarfi a kuɗi kaɗan, kuma kayansa sun fi na kowa samuwa. Ga keken gari mai taya inci 26, wanda ke ɗaukar yaro ko kaya, shi ne zaɓin da ba a jayayya a kansa. Hannuwansa na yau da kullum suna da tsawon milimita 100 zuwa 110, kuma wannan tsawon ne ke ba waya damar ƙetare taya mai kauri da madigadi. Akwai gajeru masu milimita 80 zuwa 90, waɗanda aka yi wa siraran tayoyi. In ka sa su a taya mai faɗi, waya za ta riƙa gogar bayan tayar.

A kasuwa za ka tarar da iri biyu. Ɗaya farantin ƙarfe ne da aka lanƙwasa aka lulluɓe da baƙar roba, ɗayan alminiyam ne zubi guda. Ka riƙe hannun da yatsu ka murɗa shi. Na farantin zai lanƙwasa, kuma duk yadda ya lanƙwasa a hannunka zai fi haka in waya ta ja shi, ƙarfin da ya kamata ya isa janti ya tafi wajen lanƙwasa ƙarfe. Ka duba kuma gindinsa, inda ɗan sukurun daidaita sifirin yake. In mazaunin sukurun roba ne, zafin watan Afrilu da Mayu zai busar da shi ya tsage, daga nan hannu ɗaya ya daina komawa ya kwanta a kan janti. Sunan Shimano ko Tektro a jiki alama ce mai kyau, amma tun da jabu ya yi yawa, hannu ya fi ido gaskiya. Sau da yawa tsohon birkin alminiyam da aka kwance daga keken Turai na hannu ya fi sabo fil na faranti.

Waɗannan ƙusoshin dai su ne ke ɗaukar tsohon samfurin da ake kira kantiliba, mai gajerun hannuwa biyu da wata ƴar waya da ke haɗa su kamar rufin bukka. Za ka gan shi a kekunan tudu na kafin tsakiyar shekarun 1990. Ba mugun birki ba ne, saiti ne ke ba shi wuya. A irin wanda hannuwansa ke tsaye kusa da taya, idan ƴar wayar ta yi sama can nesa, birki zai yi tauri a hannu amma ba ya ci; a sauko da ita kusa da taya, a bar tazarar da laka ba za ta toshe ba, sai ƙarfi ya dawo. Haɗarinsa guda ne: in babbar waya ta tsinke, ƴar wayar na iya faɗawa kan ƙurajen tayar gaba ta cafke ta nan take. Don haka a bar madigadi ko ƙarfen riƙe fitila a ƙarƙashinta ya tare. Wanda ya gaji da shi zai iya cire shi ya sa birkin V a ƙusoshin nan, da sharaɗin ya canza hannun birki ma.

A lura, wasu kekunan yara da wasu tsofaffin kekunan tudu suna da ƙusoshin a saman gefen janti. Waɗannan na wani samfuri ne daban, birkin V ba zai hau ba. Kuma kada a kai fok wurin mai walda ya liƙa ƙusoshi da ido. Kuskuren ƴan milimita ya isa ya sa roba ta hau taya, wuta kuma tana raunana sirarin bututun fok daidai inda ya fi shan wahala.

Idan babu ƙusoshi, sai rami guda a tsakiya a saman taya, to birkinka mai kama da kaguwa ne, wanda ke rataye da ƙusa ɗaya. A nan awo ne komai. Da taya a ɗaure, ka auna daga tsakiyar ramin zuwa tsakiyar gefen janti inda roba ke kamawa. Birkunan suna zuwa da zango-zango: gajere milimita 39 zuwa 49, matsakaici 47 zuwa 57, dogo 55 zuwa 73. Ka zaɓi mafi gajarta da zai kai, domin duk tsawon da ya ƙaru, ƙarfi raguwa yake yi, lanƙwasa ta ƙaru. In awonka 52 ne, matsakaici za ka ɗauka, ba dogo ba. Ka auna gaba da baya dabam, ba lallai su zo ɗaya ba.

Masu sa tayar wani keke a wani suna yawan faɗawa tarko a nan. Tsohuwar taya 27 faɗin jantinta milimita 630 ne, 700C kuwa 622 ce, lambar tana jikin taya. In ka maye ta farko da ta biyu, gefen janti ya yi ƙasa da milimita 4, robar da ke ƙarshen raminta ba za ta kai ba. Tayoyin da ake kira 26 ma ba ɗaya ba ne, akwai mai janti milimita 559, akwai mai 590, tsakaninsu fiye da milimita 15 a inda roba ke sauka. Wannan ba saiti ke gyara shi ba.

A cikin masu kaguwa, akwai mai juyawa a ƙusa ɗaya, akwai mai juyawa a wuri biyu, wanda ya yaɗu tun farkon shekarun 1990. Na biyun ya fi ƙarfi ƙwarai, kuma yana zama a tsakiya ba ya karkata gefe. Keken gari mai siririn birkin faranti a gaba, in aka sa masa dogo mai juyi biyu na alminiyam, sai ka ce wani keke ne. Ka duba ƙusar ɗaurewa kawai: ta gaba ta fi ta baya tsawo, kuma sababbin birkuna da yawa notinsu cikin rami yake nutsewa, ramin milimita 8, alhali tsofaffin kekuna raminsu 6 ne da noti a waje. Ka nemi mai noti a waje maimakon a huda maka fok. Tsofaffin Peugeot da Motobécane kuwa, masu birkin Mafac da ake ja daga tsakiya, kada a yi gaggawar jefar da shi. Sabuwar roba da sabuwar waya sukan ishe shi.

Sai babban keke, Phoenix da ire-irensa, mai taya 28 da birkin sanda. Wannan ba gefen janti yake kamawa ba, cikinsa yake ja sama kusa da sifok, saboda haka abin da ya dame shi shi ne zagayen taya. Jantin da ya bugu da dutse ya yi tsalle zai sa birki ya riƙa ci yana saki. Ƙarfinsa ba zai taɓa kai na birkin V ba, gara a san haka tun farko. Abin da za a iya yi shi ne a rage ɓarna: a ɗaure duk gaɓoɓin sanda da suka yi lako-lako, musamman na baya da ke bi ta ƙarƙashin feda, domin kowace gaɓa tana cin wani abu daga jan hannu, a kwance notin tsakiyar sanda a ɗaga robobi su matso wajen milimita 2 zuwa 3 daga janti, a tabbata gidan roba ɓangarensa rufaffe ne ke fuskantar gaba. In aka juya shi, taya za ta zare robar daga gidanta ranar da aka fi bukatarta. Jantin irin wannan keke yawanci gefensa a dunƙule yake, birkin kaguwa ba ya samun wurin kamawa, don haka sa masa birkin waya yana nufin canza tayar gaba ɗaya.

Hannun birki dole ya dace da birkin

Wannan ne kuskuren da ya fi yawa a kekunan da aka harhaɗa daga kaya daban-daban. Birkin V yana bukatar hannun da ke jan waya mai yawa. Kantiliba da kaguwa suna bukatar mai jan kaɗan. Gane su ba wuya: ka auna daga ƙusar da hannun ke juyawa a kai zuwa inda kan waya ke zama. Milimita 30 zuwa sama na birkin V ne, 20 zuwa 25 na sauran ne.

In ka haɗa birkin V da hannu mai jan kaɗan, hannun zai yi laushi kamar soso ya kai ƙaho, sai an matso da roba dab da janti, sannan in ya kama ya cafke ba gargaɗi. In ka yi akasin haka, hannun V da birkin kaguwa, za ka ji tauri mai daɗi kamar komai lafiya, amma ƙarfin da ke isa janti ya ragu sosai. Wannan ya fi yaudara, domin a tsaye a rumfar mai gyara ya fi kowane birki kama da nagari. Wasu hannuwan suna da wuri biyu na saƙala waya, an rubuta V a ɗaya, C a ɗayan; a duba a ga ina aka sa.

Hannun roba a bar shi a kasuwa. Yana lanƙwashewa tun yana sabo, rana kuma tana gasa shi har ya karye. A kuma duba ɓangare: kekunan da aka yi wa Faransa da yawancin Turai hannun dama ne birkin baya, na Ingila da Japan da Indiya hannun dama ne gaba. Gidan da ke da keke biyu gara a mai da su tsari ɗaya.

Roba

A duk kayan birki babu mai arha kamar roba, patan a bakin masu gyara, kuma babu mai sauya abu kamarta. Ka danna farce a fuskarta. Mai kyau za ta ɗan nutsa ta dawo. Wadda ta yi shekaru a rataye a rumfa tana shan rana za ta yi tauri kamar ƙaho, ko sabuwa ce a leda ba ta da amfani. Wadda ta cika laushi kuma tana barin baƙi a janti ta ƙare cikin ƴan makonni. Robar da aka yanko daga tsohuwar tayar mota ko silifa ba don wannan aiki aka haɗa ta ba, kai ka gida kawai za ta yi.

Robar birkin V doguwa ce, wajen milimita 70, da ƙusa mai zare da washoshi masu kwari da masu tudu. Ta kantiliba yawanci sanda ce marar zare. Ta kaguwa gajera ce, wajen 55. Ka tafi kasuwa da tsohuwar a aljihu. In ka ci karo da jar robar nan ta Kool-Stop a cikin kayan hannu, ka ɗauka, tana ci cikin ruwa fiye da baƙar da aka saba. Ga jantin ƙarfe akwai roba mai fata a tsakiya, wadda ke taimakawa in an jiƙe, amma kada a sa ta a alminiyam.

Tsagogin da ke fuskar roba su ne ma'auninta, in sun shafe an canza. Kafin nan, duk wata biyu ko uku, musamman lokacin hunturu, a kwance ta a tsince yashi da ɓarɓashin alminiyam da bakin allura, a goge sheƙin fuskar da samfefa. In kana jin ƙarar kankara lokacin da ka matsa, jantinka ne ake ci. A wanke gefen janti da ruwa da sabulu ko alkol na kantin magani. Kananzir da gas suna barin maiƙo. Man da ake ɗiga wa sarƙa har ya yi yawa shi ma yana fantsama ya sauka a jantin baya, kuma robar da ta sha mai sai dai a canza ta.

Waya da rigarta

Wayar birki kaurinta milimita 1.5 zuwa 1.6 ne, ta giya 1.1 zuwa 1.2. Rigar wayar birki milimita 5 ce, cikinta ƙarfe ne a naɗe kamar sifirin. Rigar giya siraran wayoyi ne a jere a tsaye, kuma in aka sa ta a birki tana iya fashewa daidai lokacin da aka matsa da ƙarfi, birki ya tafi gaba ɗaya. Ka leƙa bakin da aka yanke ka gani da idonka. Ka nemi riga mai siririn bututun roba a ciki, da wayar da ba ta tsatsa in an samu. Kan waya iri biyu ne, mai kamar ganga na ƙaho miƙaƙƙe, mai kamar ɗan kwalba na ƙahon tsere.

A yanke riga daidai, a goge bakin ya kwanta sumul, a buɗe ramin da tsinke, a sa mata hular ƙarfe. Bakin da aka yanke a karkace yana dannewa duk matsawa, hannu ya yi soso. Tsawonta ya isa ƙaho ya juya dama da hagu har ƙarshe ba tare da ya ja birki ba, amma kada ta yi lauje-lauje, kowane lanƙwasa ƙarin gogayya ne. A garin ƙura irin namu, giris mai kauri a cikin riga tarkon yashi ne. Ɗigo biyu na mai marar kauri ya isa. Waya ko sili ɗaya ta tsinke kusa da kai ko wajen noti, a canza.

Wasu kekunan gari suna da wani ɗan gwangwani a kan wayar gaba, kusa da lanƙwasasshen bututun birkin V. Sifirin ne a ciki, an sa shi ne don ya rage kaifin birki ga sabon mahayi. Mai ɗaukar kaya zai iya maye shi da bututu na yau da kullum, amma ya koyi hannunsa a fili kafin ya shiga gari.

Ɗaura birkin V

Kayan aiki kaɗan ne: alanki mai lamba 5, sukudireba, filaya, da abin yanka waya. A goge ƙusoshin jikin keke, a shafa musu giris kaɗan. Gindin kowace ƙusa na da ramuka uku. A sa bakin sifirin a na tsakiya, dama da hagu iri ɗaya. A ɗaure hannuwan su riƙa juyawa ba tare da girgiɗi ba.

Sai washoshin roba, inda yawanci ake kuskure. Akwai mai kauri, akwai siririya, ɗaya a ciki ɗaya a waje. Abin da ake so shi ne lokacin da roba ta taɓa janti, hannuwan biyu su kasance kusan a tsaye, tsakanin kawunansu akwai tazarar yatsu biyu. In sun rufta ciki har sun kusa haɗuwa, a mai da mai kaurin ciki. In sun buɗe kamar ƙahon sa, siririyar ce za ta shiga ciki. Janti siriri na son mai kauri, mai faɗi na son siririya.

A danna hannu da yatsa roba ta kwanta a janti. Samanta ya kasance milimita 1 ƙasa da leɓen janti. In ta hau sama za ta yanke gefen taya cikin ƴan kwanaki. In ta yi ƙasa, za ta ci ta bar leɓe, wata rana ta zame ta shige cikin sifok. Birkin V yana saukowa ƙasa yayin da roba ke cinyewa, don haka a sake dubawa bayan wata biyu. Kafin a ɗaure, a saƙa ɗan kwali mai kaurin rabin milimita zuwa 1 a ƙarshen robar na baya, don gabanta ya riga taɓawa. Wannan ne maganin kukan birki. A riƙe robar da yatsu lokacin ɗaurewa, in ba haka ba za ta juya tare da noti.

A zura waya, a bar milimita 1 zuwa 2 tsakanin kowace roba da janti, a ɗaure notin waya sosai ba tare da an murƙushe ta ba. A matsa hannu da ƙarfi sau goma don riga ta zauna, sannan a ɗauke sakin da ya fito da ɗan sukurun da ke bakin hannun birki. In roba ɗaya ta fi kusa, a shigar da sukurun sifirin na ɓangarenta rabin juyi, a matsa hannu, a sake dubawa. In an yi ta juyawa bai daidaita ba, a duba ko tayar ce ba ta zauna tsakiyar fok ba. A bar wutsiyar waya kamar santimita 3, a matse mata hula.

Birkin da aka saita daidai yana fara kamawa tun hannu bai kai rabin hanya ba, kuma in ka matsa iya ƙarfinka, yatsa na iya shiga tsakanin hannun da ƙaho. Ka tsaya gefen keke, ka matse na gaba ka tura: tayar baya ta ɗaga. Ka matse na baya ka tura: tayar ta ja ƙasa ba ta juya ba. In ka matse na gaba kana girgiza keke ka ji ƙwas-ƙwas, yawanci ba birki ba ne, wuyan keke ne ya saki, a ɗaure shi. In kana matsawa ka ga sandunan baya suna buɗewa da ido, jikin keken ne ke ba da kai, akwai wani faranti mai siffar kofaton doki da ake ɗaurawa a kan ƙusoshin biyu ya hana su buɗewa.

Gwaji na ƙarshe da kaya ake yin sa. Ka ɗora abin da ka saba ɗauka, ka sami kwalta marar cunkoso da sassafe, kamar hanyar Miriya bayan an fita gari, ka ja layi a ƙasa, ka zo da gudun da ka saba ka matsa a kan layin, ka ƙirga takun da ka ci. Ka zuba ruwa a janti ka sake. Sabuwar roba takan ɗauki tsayawa ashirin ko talatin kafin ta kwanta da janti, kuma sabuwar waya za ta ɗan saki a makon farko, sai a juya sukurun bakin hannu waje juyi ɗaya ko biyu a ɗaure notinsa.